Korar Yaya Kuso

Litinin, 2 ga Fabrairu

Sun kori Yaya Kuso daga gari.

Na rubuta, na zauna ina kallon rubutun. Har yanzu bai shiga kaina ba.

Yau ne zaman farkon wata na fono, majalisar garinmu, don haka ban je makaranta ba, Inna ta ce in tsaya in taya aikin abincin matai, wato shugabannin gidaje. Ina bayan babban zaure ina kankare gwaza, komai a kunnena, tunda zauren ginshiƙai ne da rufi kawai. Kowane matai ya jingina da ginshiƙinsa. Aka kira Yaya, ya shigo a sunkuye, ya zauna can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa.

Laifinsa wai ya tara samari da 'yan mata a filin ƙwallo, ya gaya musu ƙuri'a ta mutum ce, ba ta gari ba. Fono ya riga ya tsayar da wanda duk gari zai zaɓa, mutumin nan da mata ke kira Mai Farar Mota. Yaya kuma ya ce a bar matasa su yi wa 'yan takara tambayoyi kafin zaɓe, musamman kan ruwa. Bututun da guguwa ta fasa tun bara waccan yana nan a fashe, mu ne muke ɗauko ruwa a bokiti daga maɓuɓɓuga. Shi ke nan. Laifin ke nan gaba ɗaya.

Kuma ba Uban Gari ne ya fara magana ba. Baffa Malotau ne. Wan Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Matai ɗin gidanmu, mai magana da yawun gari, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Ya kaɗa izgarsa a kafaɗa ya ce, "Ɗana ne. Ni na ciyar da shi, ni zan faɗi hukuncinsa. Ya bar garin nan kafin a busa ƙahon addu'ar yamma."

Wuƙa ta yanke ni a yatsa, ban sani ba sai da na ga gwazar ta yi ja.

Inna ta haɗa masa kaya a tsohuwar jakarsa ta jami'a. Ba ta yi kuka ba. A bakin hanya muna jiran bas ɗin da zai kai shi jirgin ruwa, ya dafa kaina ya ce, "Leu, kar ki yi wauta. Ki yi karatunki." Bakina cike da magana. Abin da ya fito kawai, "To, Yaya."

To, Yaya! Kai, Talaleu, ke dai ba ki da amfani.

Baffa zai gani. Ban san ta yaya ba tukuna, amma zai gani.

Talata, 3 ga Fabrairu

Ni ce dai mai kai wa Baffa abinci. Na durƙusa na ajiye, na zauna gefe ina yi masa fifita ina korar ƙuda, kamar kullum. Na zabga wa kifinsa gishiri har ni kaina na ji tsoro. Ya cinye tas, ya wanke hannu, ya ce, "Sannu da aiki, 'yata." Ko tari bai yi ba.

Gobe barkono.

Laraba, 4 ga Fabrairu

Barkonon ma haka.

Juma'a, 6 ga Fabrairu

A darasin tarihi Malama ta yi tambaya kan kundin tsarin mulki: wa ke da ikon sanin wanda mutum ya zaɓa? Na san amsar. Na san shafin, na san har inda tawada ta ɗiga a littafina. Ban ɗaga hannu ba. Sai da ta kira sunana na miƙe, na haɗa hannu a baya yadda aka koya mana, na ce, "Ba kowa, Malama." Ta ce in ɗaga murya. Na sake faɗa, da ƙyar na ji kaina.

A hanyar gida ƙawata Fuatino ta ce, "Ke kam a takarda zakanya ce, a baki kuwa kazar da ruwa ya daka." Na yi dariya don kada ta ga ya shige ni. Ita Tino bakinta ba ya hutawa, ko a coci sai an harare ta. Da ita ce ƙanwar Yaya, da tuni gari ya ɗauki zafi.

Shekarata sha bakwai. Saura shekara huɗu kafin in iya jefa ƙuri'a, don a nan sai mutum ya kai ashirin da ɗaya. Ko wannan makamin ba ni da shi.

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Baffa ne ya karanta aya a coci, cikin farar riga, murya kamar ba shi ya yi komai ba. Na kafa wa ƙeyarsa ido tun daga waƙar farko har addu'ar ƙarshe. Na roƙi Allah abubuwan da ba zan rubuta ba.

Da aka tashi na haɗu da Pelenato a bakin ƙofa. Shi ne babban abokin Yaya, shi ya fi kowa tafi ranar filin ƙwallo. Yana ganina ya sunkuya wai yana gyara takalmi. Silifa ce a ƙafarsa. Me ake gyarawa a silifa?

Duk haka suke. Ina riƙe da fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

A cin abincin rana ba wanda ya ambaci sunan Yaya. An hana. Inna ta manta ta gasa gwaza daidai da yawanmu na da, sai ta yi sauri ta mayar da ɗaya kwando.

Abu ɗaya na lura da shi da yamma: akwai sabon inji a kwalekwalen Baffa. Har da ledarsa.

Talata, 10 ga Fabrairu

Na je wurin Gwaggo Vaosa.

Tun daren jiya tunanin ya zo min. A duk duniya mutum ɗaya Baffa yake tsoro, ita ce yayarsa. Kowa ya san bakin 'yar'uwa a kan ɗan'uwanta ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ko shi da yake matai, in ta shigo sai ya gyara zama, ita ake fara zuba wa abinci.

Na same ta a ɗakin saƙa ita kaɗai tana tsaga kaba. Na zauna ina murza gefen zanina har ta gaji ta ce, "In aron wuƙa kika zo, ga ta can. In kallo kika zo, ban yi kwalliya ba."

Na ce, "Gwaggo, ki yi wa Baffa baki."

Ta ajiye kabar. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe.

"Kin san inda irin wannan bakin yake sauka? Ba kansa ba. Kan 'ya'yansa da jikokinsa. Har jaririyar nan da kike goyawa ranar Asabar."

Na ce, "To, ya sauka."

Na faɗa. Ba na jin na yi nadama. Ina ganin dai ban yi ba.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Me yayan naki yake so ya tambayi mutumin nan? Faɗa min." Na ci gaba da murza gefen zanina. Ta ce, "Ka ji min yarinya. Kina so in buɗe nawa bakin a kan ƙanena, naki kuma a ɗinke. Ki zo jibi bayan makaranta. Hannunki ba aikin yi, shi ya sa zuciyarki take dafa guba."

Alhamis, 12 ga Fabrairu

Ɗakin saƙa a cike. Tsofaffi a tsakiya da manyan tabarmi, 'yan mata a gefe muna goge kaba. Namiji ba ya taka ɗakin nan, ko Uban Gari ne. Shi ya sa ake faɗin komai. An yi ta caccakar mazaje, an yi ta Mai Farar Mota, wai tumbinsa yana riga shi isa gari da rabin yini.

Sai matar mai kanti ta ce ita dai za ta zaɓi wanda aka ce, don takardar tana da lamba, bayan zaɓe ana kai wa matai su duba. Wata ta ce ai har hoto ake ɗauka ta saman labule. Duk suka gyaɗa kai.

Ban san lokacin da na ce, "Ƙarya ne," ba.

Matar mai kanti ta ce, "Laa, ashe tana magana? Ni na ɗauka kurma Malotau yake riƙo."

Aka yi dariya. Fuskata kamar an kara ta a wuta. Amma Gwaggo ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ƙarasa." Na ƙarasa, idona a kan kaba. Na ce mutum shi kaɗai yake shiga, ya yi alamarsa, ya ninke, ya jefa, a gauraya da na kowa. Na ce doka ce, an rubuta, na karanta. Wata yayar Tino da ta kai shekarun zaɓe ta ce, "Ko mijina ba zai sani ba?" Na ce ko mijinta. Ta ce, "Kai! Da aure ma haka yake." Ɗaki ya sake fashewa.

Ba don su na yi ba. Duk ƙuri'ar da ta kuɓuce wa Mai Farar Mota, mari ne a fuskar Baffa. Ina so ranar ƙidaya ya rasa inda zai sa kansa.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Na goyi jaririyar yau. Ta kama kunnena tana dariya. Na sauke ta da wuri.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

'Yan mata sun ƙaru, har waɗanda ba su taɓa saƙa ko mafici ba. Fono ya hana matasa taro a ko'ina cikin gari, amma wa zai ce saƙa taro ce? Tino ta ce mu sa wa kanmu suna. Na ce a'a, abin da yake da suna shi ake kora.

An yi maganar ruwa sosai. Kowa da tabonta: wannan bayanta, wannan ta zame a dutse da cikin wata bakwai. Ni ban san abin ya kai haka ba. Na ɗauka Yaya ne kawai ya damu.

Ga abin da aka tsayar. Ranar Asabar ta ƙarshen wata Mai Farar Mota zai zo gaida gari. Bayan matai sun sha ava, abin shan da ake tarbar baƙo da shi, mata za su shiga da tabarmin kyauta, kuma Gwaggo, da yake ita ce babbar 'ya'ya matan gari, tana da damar yin kalmar godiya. Za ta fara, sai ta miƙa wa wata ta ƙarasa da tambayoyin Yaya.

Na ce Tino. Tino ta ce, "Ni? Zan fara da ruwa in ƙare da tumbinsa." Gwaggo ta ce, "Mai ɗan'uwa ita za ta yi."

Na so in ƙi. Amma sai na hango Baffa zaune a ginshiƙinsa a gaban baƙi, 'yar da yake riƙo tana maimaita maganar da ya kori ɗansa a kanta. Na ce na yarda.

Akwai abin da ban gaya musu ba. Bayan tambayoyin zan ƙara tawa ɗaya. Zan ce, "Ranka ya daɗe, sabon injin kwalekwale nawa ne a wurinka, ɗan ƙane ɗaya ko biyu?" Zan faɗa ina kallon Baffa.

Lahadi, 22 ga Fabrairu

Yaya ya kira a wayar Tino, na ɓuya bayan cocin. Yana Apia, babban birni, yana sauke kaya a wani kanti, yana kwana a barandar wani ɗan ajinsu. Muryarsa ta canza, kamar wanda bai ƙoshi ba. Ya yi ta tambaya ko Inna tana shan maganinta.

Sai ya ce an sa sunansa cikin masu tafiya tsinkar tuffa a New Zealand. Ƙarshen Maris. Na ce na wata nawa? Ya ce, "Leu, wanda ba shi da garin komawa ba ya ƙirga wata."

Duk wanda ya tafi haka daga garin nan, hotonsa kawai muke gani a bango.

Na so in gaya masa shirinmu. Na fara, ya katse ni. "Kar ki yi komai saboda ni. Kin ji?" Na ce to. Wannan karon da gangan na ce to.

In Yaya ya hau jirgin nan, Baffa ne ya sa shi a ciki da hannunsa. Zan tuna masa har ranar da za a binne shi.

Laraba, 25 ga Fabrairu

Tino ta zo min da wani zance. Babanta yana zama a fono, ta ji yana gaya wa mamarta. Wai ranar da aka kori Yaya, tun kafin a zauna Uban Gari ya riga ya yanke cewa gidanmu duka za a kora: Inna, ni, har Baffa da iyalinsa, a sare ayabarmu, a rufe gidan. Wai shi ya sa Baffa ya yi sauri ya riga kowa magana, don in mai gida ya hukunta nasa da bakinsa, ba a ƙarawa a kai.

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Sai me kamar yaya? Na ce miki..."

Na ce na ji. Da ya tsaya tare da Yaya, a kore mu duka, da ya fi min. Injin kuma fa? Ta ce ai duk matai an ba su wani abu, babanta kwanon rufi ya samu. Na ce to ashe duka ɓarayi ne. Ta yi fushi ta tafi.

Ba abin da ya canza. Ba abin da ya canza.

Juma'a, 27 ga Fabrairu

Na yi ta maimaitawa a maɓuɓɓuga, ruwa yana rufe muryata. Tambayar ruwa. Tambayar ko zai yarda matasa su zauna da shi da abokin takararsa. Sannan tawa. Tawa ta fi fita da kyau.

Tino ta dawo da kanta, da ɗanyen mangwaro da gishiri. Ba mu tayar da zancen ba.

Asabar, 28 ga Fabrairu

Dole in rubuta wannan.

Mai Farar Mota ya zo da motoci da kiɗa. Aka yi jawabai, aka sha ava, Baffa ya yi maraba da shi da dogayen kalmomin nan nasa. Sannan muka shiga a sunkuye da tabarmi, muka zauna a baya. Gwaggo ta yi godiya a zaune, a hankali, sai ta ce, "Haƙorana sun ƙare, magana tana zubewa. 'Yar ƙanena za ta ƙarasa."

Duk idanu suka juyo kaina. Sai na ji kamar a aji, lokacin da Malama ta kira sunana. Ƙafafuna suka yi abin da aka koya musu tun ina firamare.

Na miƙe.

Na miƙe tsaye a zauren gari, hannu a baya, kaina sama da kan Uban Gari, a gaban baƙi. Abin da ko yaron goye ya san ba a yi. Har na fara, "Ranka ya daɗe, yaushe za a..." kafin na ji shirun. Tino tana jan zanina kamar za ta tuɓe ni. Uban Gari ya ajiye ƙoƙonsa a hankali. Samarin da ke tsaron zaure suka matso bakin tabarma. Na gane abin da na yi, amma na ci gaba da tsayuwa.

"Talaleu."

Baffa ne. Bai ɗaga murya ba.

"Nan ba makaranta ba ce. Zauna, 'yata. Zauna ki ƙarasa, muna ji."

Ki ƙarasa. In mai magana da yawun gari ya faɗi haka a gaban baƙo, ba mai iya janyewa. Na zube a tabarma. Na yi tambayar ruwa, muryata ta fita, har waje an ji. Mai Farar Mota ya yi dariya ya ce, "Wannan 'yar wa ce? Lauya za ta zama." Sai ya kama dogon bayani kan kwaltar da zai shimfiɗa. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ba kwalta muke sha ba." Mata suka kwashe da dariya, har wasu matai suka rufe baki da mafici.

Na yi ta biyu. Ya ce zai duba. Sai aka ji murya daga waje, daga cikin samarin da ke zaune kan duwatsu: "Ranka ya daɗe, wace rana za ka duba?" Pelenato ne. Mai gyaran silifa. Bayansa wani, bayansa yayar Tino. Mutumin ya yi ta share gumi.

Da aka lafa Baffa ya juyo ya dube ni. "Akwai saura?"

Tana bakina. Kowace kalma a jere, yadda na shirya.

Na ce, "Babu, Baffa."

Maƙogwarona ne ya bushe. Dalilin ke nan.

Lahadi, 1 ga Maris

Ba wanda ya gaishe mu a coci. Gobe fono zai zauna kan tsayuwata. Ana cewa wannan karon gidan duka ne. Inna ba ta yi min faɗa ba, tana ta ninke kaya tana warwarewa.

Baffa bai ci abincin rana ba. Da yamma na ga ya nufi gidan Gwaggo.

Litinin, 2 ga Maris

Inna ta ce in zauna a gida. Ban zauna ba.

Tun da asuba Baffa ya je ƙofar gidan Uban Gari ya durƙusa kan tsakuwa. Aka lulluɓe shi da tabarmar Gwaggo, babbar nan mai laushi kamar zani wadda ta yi shekaru tana saƙawa, daga kansa har ƙasa. Bayansa Inna da 'ya'yansa maza, kai a sunkuye, ga itace da duwatsun gashi a gabansu, wato ga mu, in kun ga dama ku gasa mu kamar alade. Ban taɓa ganin an yi irin wannan neman gafara ba, a labari kawai nake ji. Ba ya tashi sai mai gidan ya fito ya ɗage tabarmar da hannunsa. In bai fito ba, shi ke nan.

Na tsaya bayan bishiyar kwakwa. Rana ta fito. 'Yan makaranta suka wuce suna leƙe. Bas ya tsaya, mutanen wasu garuruwa suka zuro kai ta taga. Kafin hantsi duk gari ya taru daga nesa. Uban Gari yana ciki yana shan shayi, muna hango shi.

Malotau mai izga, wanda in ya yi gyaran murya kare ma yake shiru, ga shi a ƙasa kamar ƙunshin wanki, kowa yana kallo. Kuma ni na kai shi.

Tino ta raɗa min, "To, ga abin da kike so."

Na ce ta rufe min baki.

Tafin ƙafarsa ne kawai ya fito ta ƙarƙashin tabarmar. Duk faso. Tururuwa suna hawa, ba halin ya kore su. Irin ƙafar Baba ce sak, har lanƙwasar ƙaramin yatsan. Ban san haka ba. Ban taɓa kallon ƙafarsa ba.

Na jira daɗin ya zo. Na tsaya ina jira, tsakuwa tana ƙona ni ta cikin takalmi.

Sai da rana ta kusa tsaka Uban Gari ya fito. Ya tsaya a kansa ya daɗe, sannan ya sunkuya ya ɗage tabarmar. Baffa ya kasa tashi, sai da 'ya'yansa suka kama shi ta hammata.

Aka shiga ciki aka yi jawaban sulhu. Ban ji duka ba. Na dai ji Gwaggo, don ita ba ta iya magana a hankali in ba ta ga dama ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da gangan na saƙa tabarmar nan da faɗi. Ta ishi yara biyu, yarinyar da yayanta." Daga ƙarshe Uban Gari ya ce Aukuso, wato Yaya, zai iya dawowa, amma ba sauran taro a filin ƙwallo. Gwaggo ta ce, "Filin ai naku ne."

Inna ta yi kuka yau. Sai yau.

Alhamis, 5 ga Maris

Yaya zai iso jibi a jirgin safe. Ya ce ya bar wa wani gurbinsa na tsinkar tuffa. Ya kuma ce, "Na ce kar ki yi wauta, sai kika zaɓi wadda ta fi kowace girma." Yana dariya yana faɗa.

Ɗakin saƙa ya kasa ɗaukar mutane. Samari ba su da damar shiga, sai suka zauna a waje ƙarƙashin rufi suna jefo tambaya, tsofaffi suna yi musu tsiya. Na yi magana. A zaune. Wani ya ce to wa za su zaɓa? Na buɗe baki in ce kowa ban da Mai Farar Mota, sai na ji na ce ban sani ba, a kira ɗayan ma mu ji nasa bakin kan bututun. Pelenato zai je ya gayyato shi.

Baffa yana kwance tun Litinin. Gwiwoyinsa sun kumbura, bayan wuyansa ya saɓule. Na kai masa man kwakwa. Inna ce ta ce in kai. To, ba ta ce ba, amma da za ta ce.

Ina ta shafa masa. Can ya ce, "'Yata, wai da gaske ba mai ganin takardar nan?"

Na ce, "Babu, Baffa."

"Ko ni?"

"Ko kai." Na ƙara mai a hannuna. "Kai ma ba mai ganin taka."

Ya kalli rufi ya daɗe. Ya ce, "Hm."

Ban yafe ba. Ina rubutawa a nan don kada wani ya ɗauka na yafe. Gobe dai zan koma kafin makaranta, gwiwar hagun ce ta fi kumbura.